Waliyyin Waƙar Keken Barmo

Ku matso kusa. Wanda ya san gyangyaɗi zai yi ya tashi tun yanzu, don labarin nan akwai shari'a a ƙarshensa, kuma ku za ku yanke ta.

An yi wani mai gurmi ana kiransa Sogiji. Ba ɗan garin Tsamiyar Marina ba ne, daga can yamma ya taso da matarsa da 'ya'yansa, yana neman inda zai samu na tuwo. Duk dukiyarsa a duniya gurmi ɗaya ne da ya gada wurin mahaifinsa, ƙoƙonsa ya yi baƙi yana sheƙi saboda zufar hannu. Da shi ake ci a gidansa, da shi ake sha, ba shi da gona ba shi da akuya.

Bai daɗe da sauka a garin ba aka gayyace shi suna a gidan wani mahauci. Sogiji ya ce a ransa yau zai nuna wa mutanen garin nan ko shi wane ne. Sai ya jawo waƙar da ba ta taɓa ba shi kunya ba, wata tsohuwar waƙar ban dariya da ake kira Keken Barmo. A bakin mahaifinsa ya koye ta, kuma a can garinsu kamar tatsuniya aka ɗauke ta, ta kowa ce, ba ta kowa ba. Ya gyara tsirkiya ya fara:

Barmo ya sai doki na ƙarfe,
Ba ya cin harawa, ba ya haniniya.
Ya hau shi fari fat kamar auduga,
Ya sauka baƙi ƙirin kamar tukunya.
Ja linzami, Barmo, ja!
Doki ya ƙi, karofi ya kira.

Yara suka yi ta birgima, mata suna leƙe ta kan katanga suna shewa. Amma da Sogiji yana da idon gani, da ya lura dattawa kallon juna suke yi. Kafin ya naɗe tabarmarsa, manzon Sarkin Makaɗa ya zare gurmin daga kafaɗarsa ya ce ya biyo shi.

Sarkin Makaɗa ya rataye gurmin a bangon zaurensa, ya dubi Sogiji sama da ƙasa ya ce, "Baƙo, wa ya ba ka waƙar nan?"

Sogiji ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ba ta da mai ita. Tsintarta na yi a bakin mahaifina."

"Tsintuwa? A garin nan aka haife ta. Ga karofin da Barmo ya faɗa can bayan kasuwa, har yau ana rini a ciki. Ka shiga gidan mutane ka janyo 'yarsu bainar jama'a, ka ce tsintuwa ce?"

Rashin sani ya fi dare duhu. Makaɗan wannan gari suna da wata al'ada tasu: waƙa a wurinsu 'ya ce. Duk wanda zai ci abinci da waƙar da ba shi ya yi ba, sai ya kai ƙwaryar goro wurin mai ita, kamar mai neman aure. Ranar kasuwa, a gaban jama'a, mai waƙar zai ce, "Na ba ka," jama'a su shafa fatiha, sannan a rufe waƙar da layin da kowace waƙar garin take rufewa da shi: "Waƙar nan 'yar gidan wane ce." Suna ɗaya ake faɗa, don ba a taɓa ɗaura aure da waliyyi biyu ba. In mai nema ya kai goro inda ba nan ba ne, jama'a suka ƙi shafawa, sai a farke fatar abin kiɗansa da wuƙa, kuma ba gidan da zai ƙara kiransa biki.

Sarkin Makaɗa ya ce, "Da yake kai baƙo ne, na ba ka zuwa kasuwa mai zuwa. Ka gyara ɓarnarka, ko wuƙa ta yi aikinta."

"To, ranka ya daɗe, wane ne waliyyin?"

Sarki ya yi tari ya gyara hula. "Mai neman aure shi ke neman gidan surukai."

Kada ku ɗauka hikima ce ta sa ya faɗi haka. Shi ma bai sani ba. Mutum uku ne ke cewa waƙar tasu ce, dukansu tsofaffi, dukansu ba sa ga-maciji da juna, shi ya sa makaɗan garin suka daɗe da tsame hannunsu daga cikinta. Sai ga baƙo ya zo ya taka da ƙafa biyu.

Na farko Jatau ne, marini. Sogiji ya same shi a gindin tsamiya, ido ya dushe, amma hannayensa har wuyan hannu suna nan da launin baba, shuɗin nan na rini. Shi ya ba shi asalin labarin. Barmo Sarkin Kasuwa ne a zamaninsa, mutum mai tumbi da ji da kai, ko gaisuwa sai ya ga dama yake amsawa. Shi ya fara kawo keke garin. Aka ce ya bari a koya masa, ya ce wanda ya hau ingarma, me ƙarfe zai yi masa? Ranar kasuwa ya sha farar babbar riga da farin rawani, ya hau daga kan tudu, keke ya gangaro. Da ya so tsayawa, maimakon ya matsa birki sai ya riƙa jan kan keken baya kamar linzami, yana daka masa tsawa. Ya ratsa 'yan tumatir, ya bi ta kan tabarmar wanzami ana cikin aski, ya tarwatsa kajin wata tsohuwa, sai tsundum a rijiyar rinin Jatau. Jatau ne ya miƙa masa sandar motsa baba ya jawo shi. Mako da makonni kunnuwan Barmo ba su koma launinsu ba.

A wannan yinin, Jatau yana motsa babansa yana dariya shi kaɗai, maganganu suka riƙa zo masa ɗaya bayan ɗaya. Dokin da ba ya cin harawa nasa ne. Wanzamin da ya aske wa mutum gira maimakon gemu nasa ne. Auduga da tukunya nasa ne. Duk inda ka ji an fashe da dariya a cikin waƙar, daga kan Jatau abin ya fito. Sai dai Allah bai ba shi murya ba, in ya buɗe baki sai ka ce kwaɗo ya yi mura. Don haka zuba su ya yi wa 'yan'uwansa marina a matsayin hira, dogaye, ba kiɗa ba amshi, irin maganar da ake dariyarta yau a manta gobe. Kuma ranar da Barmo ya kai ƙarar waƙar gaban hakimi, aka fara tambayar Jatau tunda rijiyarsa ce, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ban san ta ba, ni rini na sani." Rijiyarsa a filin kasuwa take, kuma yana da bakuna a gida.

Ya ce wa Sogiji, "Ɗan nan, na yi musu, ban ɓoye maka ba, tsoro ne. Amma uban da tsoro ya sa ya ce ɗa ba nasa ba ne, jininsa fita yake yi daga jikin ɗan? In ba iri, me ƙasa za ta tsirar?"

Sogiji ya tashi zuciyarsa fes, ya ce ai magana ta ƙare, goro na Baba Jatau ne. Haka mutum yake in bakin mutum ɗaya kawai ya ji.

Ta biyu Yalwa ce, mai fura. A wancan lokaci sabuwar amarya ce, tana kai wa marina fura da hantsi, a nan ta ji Jatau yana zuba. Ta koma gida da ƙwarya ba komai, kai cike da magana. Da ita da matan maƙwabta suka zagaye turmi suna lugude, sai ta gwada ɗora maganganun a kan saukar taɓarya. Suka ƙi hawa, sun yi tsawo. Sai ta riƙa karya su, tana watsar da mai nauyi tana riƙe mai daɗi, kamar mai sheƙar gero, har kowane layi ya faɗa daidai da bugun turmi. Karin da kuka ji Sogiji ya rera, nata ne. Amshin nan kuwa, "Ja linzami, Barmo, ja," Jatau bai taɓa faɗarsa ba, daga bakin Yalwa ya fito. Kuma shi ne abin da ko yaron da bai iya wanke hannu ba ya haddace. Mutum yana iya manta baitoci duka, amma amshin sai ya bi shi har kan shimfiɗarsa.

Ita ma da nata laifin. Amshin nata ne ya fi ƙona wa Barmo rai, don shi yara ke bin sa da shi a kan hanya, shi ya jawo shari'a. Ranar da aka taru gaban hakimi ba wanda ya yi tunanin tambayar mata, ita kuwa ta shige ɗaki ta ja asabari, don mijinta yana da rumfa a kasuwar Barmo. Waƙarta ba ta taɓa tsallake katanga da ƙafarta ba.

Sogiji ya same ta tana tsintar wake a tire, baya ya ranƙwafa, amma baki yana nan da kaifinsa. Ta ce, "Gero a rumbu ba fura ba ne. Jeka ka ci na Jatau ɗanye ka gani ko zai wuce maka. Ku maza kuka ce waƙa 'ya ce. To, wa ya yi naƙudarta?"

Sogiji ya sosa ƙeya ya ce, "Iya, Allah ya huci zuciyarki, amma mace tana walicci?"

Ta ajiye tiren. "Kai, ɗan nan, kwatance ne, ba auren masallaci ba. Al'ada cewa ta yi mai waƙa, ba ta ce mai gemu ba. In gemu kake nema, ga bunsuruna can, kai masa goron."

Sogiji ya fito yana jin kamar an juya masa hanya. Ya gwada rera baitocin a ransa ba tare da karin Yalwa ba, ya ji sun zube kamar tuwon da ba a tuƙa ba.

Na uku Cindo ne, ɗan kama, irin masu ba da dariya a kasuwa. Wata rana yana wucewa ta bayan katanga ya ji lugude da waƙa, ya tsaya har ya kwashe ta duka. Bai yi sallama ba, bai tambayi kowa ba. Kasuwa na ci ya sa taɓarya a tsakanin ƙafafunsa a matsayin keke, ya cusa tsumma a riga ya yi tumbi, ya riƙa gudu yana jan linzami yana rerawa. Kafin wata ya mutu ba gidan da waƙar ba ta shiga ba.

Barmo ya rantse a gaban hakimi cewa in ba a fito da wanda ya yi ta ba, sai ya cike rijiyoyin karofi da ƙasa ya kori marina duka. Jatau ya yi musu, Yalwa tana ɗaki. Cindo kuwa ya san su duka biyun, ya san muryar wa ya ji ta kan katanga, ya san irin maganar wa ce a ciki. Da ya buɗe baki ya faɗi gaskiya, da ya tsira da ɗan faɗa kawai. Sai ya miƙe ya ce, "Ni na yi ta, ni kaɗai, ba wanda ya taya ni." Aka kwantar da shi aka yi masa bulala har ya daina motsi, aka kore shi daga ƙasar, aka hana rera waƙar. Karofi ya tsira, auren Yalwa ya tsira. A cikin gari kuwa waƙar ta mutu murus, waɗanda suka iya ta suka yi shiru har suka manta.

Cindo ya ɗauke ta ya shiga duniya. Gari ya kai shi gari, da ita ya ci, da ita ya yi sutura, da ita ya yi aure har ya tara iyali, wannan ba a musu. Amma ko kalma ɗaya bai ƙara mata ba, kuma bai taɓa rufe ta da sunansa ba. In ya zo inda za a faɗi 'yar gidan wa ce, sai ya wuntsila ƙasa kamar yadda Barmo ya faɗa rijiya, dariya ta rufe wurin, ba wanda ya lura akwai layin da ya ɓata. Sai bayan Barmo ya kwanta dama Cindo ya dawo gida da furfura, waƙar tana kansa cif, ba abin da ya zube.

Sogiji ya je wurin Cindo, yana gaishe shi ya ga yatsu shida a hannunsa. Mahaifinsa ya sha ba shi labarin wani baƙo mai yatsu shida da ya kwana a zaurensu da damina, ya biya kwanan da waƙa. Ashe duk tuwon da Sogiji ya ci da Keken Barmo tun yana yaro, ta hannun wannan tsoho ya biyo.

Cindo ya yaye rigarsa ya juya masa baya, tabon bulala yana nan layi-layi. Ya ce, "Ban haife ta ba, ƙarya na yi a gaban hakimi, kuma ban roƙi izinin kowa ba da na ɗauke ta. Duk na yarda. Amma ranar da aka ce ubanta ya fito, wa ya fito? 'Yar da aka yar a bola, wani ya tsince ta ya goya ta har ta girma, ranar aurenta gidan wa ake kai goro?"

Sogiji ya koma ya zagaya su ɗaya bayan ɗaya, yana roƙo su haƙura a raba goron uku. Jatau ya ce shi ba ya haɗa 'ya da ɓarawo. Yalwa ta ce ita ba ta haɗa 'ya da matsoraci. Cindo ya ce a raba tabon bayansa uku tukuna. Sarkin Makaɗa kuma ya ce ko sun yarda al'ada ba ta yarda ba. Gaba kura, baya siyaki. A gida matarsa ta daina tambayarsa, sai dai ta dubi ƙusar da gurmin yake rataye a da, ta dubi tukunya. Wannan kallo ya fi yi masa ciwo da a ce faɗa ta yi. Tsoro ya kama shi sosai, ba na yunwa kaɗai ba. Abin da ya fi damunsa shi ne a farke abin da mahaifinsa ya bar masa yana tsaye yana kallo.

Ranar kasuwa ta zo. Aka shimfiɗa tabarmi a bakin karofi, tsofaffin uku suka zauna nesa da juna kowa ya juya ƙeya. Aka ajiye gurmin a tsakiya, wuƙa a kansa. Jama'a ta yi maƙil, har masu awo sun bar mudunsu. Sarkin Makaɗa, don ya ja lokaci, ya ce kowane ɗayansu ya nuna abin da yake taƙama da shi.

Jatau ya fara da muryar nan tasa, ya wuce 'yan tumatir lafiya, yana zuwa tabarmar wanzami ya kakare. Nasa ne, amma ya manta. Cindo ya daure, ya daure, abin ya fi ƙarfinsa, sai ya jefa masa layin da ya ɓace. Cindo ya so ya ci gaba da rerawa, amma haƙora sun zube, numfashi ya gajarta, karin ya riƙa karkacewa. Yalwa ta ji ana yi wa karinta kisan gilla, ta daka tsawa, "Ba haka ake karya ta ba, tsofaffin banza!" Ta ɗaga sandarta ta riƙa buga ƙasa da saukar lugude, ta ɗauko amshin da 'yar muryar da ta rage mata.

Sai ga waƙa ta miƙe da ƙafafunta. Jatau yana farawa, Cindo yana cikewa, Yalwa tana riƙe da kari, kasuwa duka tana amsawa, "Ja linzami, Barmo, ja!" Marina suna buga sanduna a bakin rijiya. Jikan Barmo da kansa, wanda yanzu shi ke riƙe da kasuwar, ya yi dariya har ya share hawaye da bakin rawani. Tsofaffin nan uku da suka yi shekaru ba su gaisa ba, kowa yana kallon bakin ɗan'uwansa kada ya riga shi.

Aka zo ƙarshe, inda Cindo ya saba wuntsilawa. Ya yunƙura, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Ba faɗuwa, ba dariyar da za ta rufe wurin. Jama'a, da yake bakinsu ya saba, suka ja layin rufewa gaba ɗaya, "Waƙar nan 'yar gidan..." sai suka tsaya cak, baki buɗe. Tun da aka haifi waƙar, sai ranar aka fara jin ramin da ke ƙarshenta.

Sarkin Makaɗa ya ɗauki wuƙar ya riƙe. Ya ce, "Baƙo, ga surukanka nan. Ajiye goronka."

Sogiji ya miƙe da ƙwaryar goro a hannu biyu. Ga Jatau da hannayensa masu launin baba, wanda in ba shi ba babu abin rerawa, amma ya ce bai san ta ba ranar da ta fi bukatarsa. Ga Yalwa da sandarta, wadda ta mai da hira waƙa ta ba ta amshin da ya hana ta mutuwa a kunne, amma ta ja asabari ta bar wani ya sha dukan amshinta. Ga Cindo da bayansa, wanda bai haifi ko kalma ɗaya ba, ya ɗauka ba da izini ba, amma shi ya amsa sunanta a gaban bulala, shi ya goya ta ya dawo da ita gida da ranta.

To, jama'a, yau ku ne mutanen kasuwar nan, hannuwanku ne za su shafa ko su ƙi, kuma gurmin mahaifin Sogiji yana ƙarƙashin wuƙa. Ku faɗa masa kafin hannunsa ya gaji: a gaban wa zai ajiye goron, kuma waƙar nan 'yar gidan wa ce?